Katun zai iya ɗaukar labarin shaye-shayen yayana kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai zane ne a Kano, ban daɗe da fara koyon haɗa katun a kwamfuta ba. Yayana ya faɗa shan kodin da tiramol tun bayan hatsarin motar da mahaifiyarmu ta rasu a ciki, kuma shi ne yake tuƙi a ranar. Ina so in yi gajeren fim a kan halin da yake ciki, amma abokaina suna cewa katun abin yara ne, zan mai da ciwon gidanmu abin dariya. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ya yi kyau? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya kai haske kabarinta, shi kuma yayanka Allah ya yaye masa.

Abokanka ba don ƙeta suka faɗi haka ba. Katun ɗin da muka taso muna gani a talabijin na kyanwa da ɓera ne, shi ya sa da an ambaci katun sai a fara murmushi. Sai dai matsalar da ke gabanka ba ita ce suka hango ba. Zane mai motsi yana ɗaukar labari mai nauyi, har ya fi kyamara iya shiga wasu lunguna. Abin tsoro a ciki shi ne ƙarfin da yake ba mai zanen. Kyamara dai abin da ta tarar take ɗauka, kai kuwa komai na jikin yayanka da hannunka za ka yi shi: faɗin idonsa, ramar wuyansa, yadda yake jan ƙafa. Duk abin da ka zana, hukuncinka ne a kansa, kuma haka jama'a za su riƙe shi.

Fim ɗin da nake so ka fara nema sunansa Ryan, na Chris Landreth. Minti 14 ne kacal, ya fito a 2004, ya kuma ci lambar Oscar ta gajeren katun a 2005. A kan wani mai zane ɗan Kanada ne, Ryan Larkin, wanda aka haifa a 1943. Larkin yana ɗan shekara 19 ya fara aiki a Hukumar Fina-finai ta Ƙasar Kanada da ke Montreal, inda Norman McLaren, uban masu wannan sana'a a ƙasar, ya ja shi a jiki. Ya yi wani fim da gawayin zane mai suna Syrinx, sannan ya yi Walking, wanda ba komai a cikinsa sai mutane suna tafiya, kowa da irin takunsa. Wannan fim na wajen minti 5 ya kai shi takarar Oscar a 1970, kuma har yau masu koyar da zane suna nuna wa ɗalibai shi don su ga yadda ake sa nauyin jiki a ƙafa. A 1972 ya yi Street Musique. Daga nan sai tauraron ya dusashe. Hodar iblis da barasa suka cinye shi, kafin ƙarshen shekarun 1970 ya bar hukumar, daga bisani ya koma kwana a gidan marasa galihu, da rana yana bara a bakin titin Saint-Laurent. A tarihinsa akwai wani abu da zai taɓa ka: yana ɗan shekara 15 ɗan'uwansa ya nutse a ruwa a gaban idonsa, shi kuma bai iya iyo ba, bai iya ceto shi ba.

Landreth injiniya ne asali, ya koma haɗa katun da kwamfuta. Sun haɗu a 2000, lokacin da aka gayyaci Larkin ya shiga kwamitin tantance fina-finai na bikin katun na Ottawa. Abin da Landreth ya fara yi ba zane ba ne. Zama ya yi da mutumin, ya naɗi hirarsu ta sa'o'i masu yawa, ya kuma naɗi muryar tsohuwar budurwar Larkin da ta wani furodusa da suka yi aiki tare. Duk muryoyin da ke cikin fim ɗin na gaske ne. Hoton ne kawai aka ƙera.

To ga yadda aka ƙera shi. Larkin yana zaune a wani ɗakin cin abinci mai kama da na gidan marasa galihu, amma kansa ba cikakke ba ne. Yawancin ƙoƙon kan babu shi, sai ɗan siririn ɓangaren fuska, da tabarau, da baki. Jikin ma haka, kamar an yi ta gutsurarsa shekara da shekaru. Motsinsa kuwa na mutum ne sak, yadda yake ɗaga hannu, yadda yake jinkiri kafin ya amsa. Mai kallo yana jin muryar dattijo mai barkwanci da basira, idonsa kuma yana ganin abin da ya rage na mutumin. Kyamara ba ta iya wannan. Da ita aka ɗauka, tsoho mai gemu da kwalba za a gani, irin wanda ake wucewa a titi ba a waiwaya.

Amma abin da ya hana fim ɗin zama tonon silili yana farkonsa ne. Kafin a nuno Larkin, Landreth kansa ne yake fitowa a gaban madubi, fuskarsa da tabo kala-kala, yana bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, har da wata da shekarar da ya samu kowanne: wannan na soyayyar da ta watse ne, wannan na lokacin da sha'anin kuɗi ya rikice masa, wannan kuma tsoron gazawa ne da yake ɗauke da shi tun yana yaro. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi Landreth nasa tudun ya fara nuna wa jama'a. Saboda haka lokacin da aka ga Larkin a gutsure, mai kallo ya riga ya fahimci ƙa'idar wannan duniya: kowa a cikinta yana yawo da rauninsa a waje, na wani dai ya fi na wani girma.

Sai wurin da na fi so ka tsaya ka kalla sau da yawa. Can tsakiyar hira Landreth ya roƙi Larkin ya daina shan barasa kamar yadda ya daina hodar. Yana fara wannan magana sai wani zoben haske, irin wanda Turawa ke zana wa waliyyai, ya fito a saman kansa, amma na ƙwan lantarki mai arha. Wato mai fim ɗin yana yi wa kansa ba'a, yana cewa ku dube ni na zama mai wa'azi. Larkin ya harzuƙa, ya daki tebur, wasu tsinkaye suka tsiro daga kansa, ya yi ta faɗa a kan talauci da yadda aka bar shi ba ko sisi. Zoben hasken ya mutu. Daga nan Landreth ya fito da abin da ke cinsa: mahaifiyarsa, Barbara, ita ma barasa ce ta lalata mata rayuwa. Ashe roƙon da yake yi wa Larkin, rabinsa da uwarsa yake.

Mutum mai son a yabe shi zai yanke wannan wurin, don ya nuna shi a matsayin wanda ya yi katsalandan aka kuma gwale shi. Landreth ya bar shi, kuma a ganina shi ne zuciyar fim ɗin. Kai ma kana da irin wannan wuri, ko ka sani ko ba ka sani ba. Mahaifiyar da ta rasu taka ce kai ma. Wataƙila akwai ranar da ka ji haushin yayanka don shi ne a kan sitiyari, ko ranar da ka ɓoye wayarka don kada ya sayar, ko ranar da aka tambaye ka shi a masallaci ka ce ya yi tafiya. In ka zana shi a lalace, kai kuma ka tsaya bayan allo da tsabtar jikinka, fim ɗin zai zama ƙarar da ƙane ya kai yayansa gaban duniya.

Duk da wannan taka-tsantsan, Larkin bai ji daɗin ganin kansa ba. Akwai wani fim na gaskiya, Alter Egos, na Laurence Green, da ya ɗauki lokacin da aka fara nuna masa aikin. Ana ganinsa ya yi jugum, sannan ya nuna bai so siffar ƙwarangwal da aka yi masa ba. Har yau masu sana'ar nan suna muhawara: Landreth ya tafi da Oscar, Larkin kuma ya koma bakin titi, to wa ya ci riba? Masu kare fim ɗin suna cewa shi ya dawo da sunan Larkin, har ya sake kama alƙalami, ya yi wa tashar MTV ta Kanada wasu gajerun zane a 2006, ya kuma fara sabon fim mai suna Spare Change, wanda aka ƙarasa bayan rasuwarsa. Ya rasu ranar 14 ga Fabrairu, 2007, sanadin ciwon dajin huhu. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya, kuma wanda zai yi irin wannan aiki dole ya riƙe su tare.

A wajenmu lamarin ya fi haka tsauri. Larkin a lokacin dattijo ne da ba ya ɓoye halinsa, kowa na ganinsa yana bara. Yayanka saurayi ne ko magidanci, yana da aure a gaba ko 'ya'ya a gida, kuna da ƙanne mata da za a zo bincike a kansu. Fim ɗin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Mutane suna ɗauka cewa da zarar an zana fuska an rufa asiri, alhali murya ta fi fuska tona mutum, kuma a unguwa ɗaya, mota da hatsari da rasuwar uwa sun isa a gane gidan. Don haka kafin ka ja layi ɗaya, ka zauna da shi a lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka faɗa masa abin da kake nufi. Amincewar da aka samu yana cikin maye, ko yana neman ka ba shi kuɗi, ba amincewa ba ce. Ka nuna masa siffar da ka yi masa tun tana kan takarda, ka sake nuna masa fim ɗin kafin kowa ya gani, ya kuma san yana da ikon cewa a'a ko da ka gama. In mahaifinku na raye, ko kawun da ke riƙe da gidan, shi ma sai ya sani.

Game da abin da za ka nuna kuwa, ka tuna jama'a sun riga sun ƙoshi da hoto iri guda. A 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi cikin 'yan kwanaki. A 2019 'yan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Duk wannan an gani, an ji. Matashi mai jan ido yana layi, kwalabe a bola, sarƙa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne me mutumin yake gudu, kuma me kwalbar take ba shi. Domin tana ba shi wani abu, in ba haka ba da bai koma ba. Ga wanda ƙarar taya da ihun ranar hatsari ke dawo masa kowane dare, awa uku na shiru ba ƙaramin abu ba ne. Fim ɗin da ya ƙi yarda da wannan, mai shan zai gane ƙarya ce tun minti na farko, ya kashe.

Nan ne wani ɗan fim na Bajamushe Andreas Hykade, mai suna Nuggets, na 2014, zai yi maka amfani. Wajen minti 5 ne, babu magana ko ɗaya. Tsuntsu ne maras fiffike yana tafiya a kan layi guda, ya tarar da wani ɗigo mai ruwan zinariya, ya tsotsa, sai ya tashi sama yana shawagi. Ya ci gaba, ya sake tarar da wani. Kowane karo shawagin na raguwa, faɗuwar na ƙara zafi, allon na ƙara duhu. Da layi ɗaya da kala ɗaya ya bayyana yadda jiki ke sabawa da ƙwaya har a koma shanta don kawai a iya tsayuwa. Ka lura bai ɓoye daɗin karon farko ba. Ka kuma lura ba ya buƙatar babbar kwamfuta.

Shi kuwa abin da ya faru ranar hatsarin, shawarata kada ka zana shi dalla-dalla. Wanda ya shiga irin wannan tashin hankali ba ya tuna shi a jere kamar labari. Gutsattsari ne ke zuwa masa: wani ƙamshi, wani sauti, takalmi ɗaya a kan kwalta. A fim ɗin Flee na 2021, labarin wani ɗan gudun hijirar Afganistan da ya zauna a Denmark, duk lokacin da mai labarin ya zo wurin da ya fi masa ciwo, sai zanen ya sauya ya koma dishi-dishi kamar na gawayi, mutane ba fuska. Ari Folman, a Waltz with Bashir na 2008, ya gina fim ɗinsa kacokan a kan abin da ya kasa tunawa na zamansa soja a Labanan a 1982, lokacin kisan kiyashin Sabra da Shatila, sai a ƙarshe ya ajiye zane ya saka hoton gaske. Dukansu sun gane cewa giɓin da ke cikin tunani shi ma labari ne. Kuma akwai haƙƙin mamaciya: ba na jin kai ko 'yan'uwanka za ku so a riƙa tura hoton gawar mahaifiyarku a waya, ko da na zane ne.

Wata dabara da za ka ɗauka daga Landreth ita ce kafa ƙa'ida. Ka zaɓi alama ɗaya ko biyu da ke nuna abin da ke cikin mutum, ka tsaya a kansu har ƙarshe. In ka ce duk lokacin da yayanka ya tuna hatsarin layukan jikinsa suna warwarewa, to ya zama haka kullum, kuma kai ma naka layukan su warware in abin ya zo kanka. Sababbin masu zane sukan cika allo da macizai da wuta da aljanu don nuna maye. Mai kallo a nan zai fassara wannan da cewa jifa aka yi wa yaron, ko iska ce, alhali ba abin da kake nufi ke nan ba.

Ta fannin aiki, ka fara da sauti. Ka naɗi hira da shi da wayarka a ɗaki maras hayaniya, a kashe fanka, ba zama ɗaya ba. Kada ka tambaye shi me ya sa yake sha, wannan tambayar ya ji ta har ya gaji, kuma yana da amsar da ya haddace. Tambaye shi yadda darensa yake wucewa, wane lokaci ne ya fi wuya a yini, me yake ji a jikinsa in ya kwana biyu bai sha ba. In ya zo maganar hatsarin ya tsaya, kai ma ka tsaya, kada ka matsa don kana son fim ya yi armashi. Daga cikin duk abin da ka naɗa ka tsamo minti 3 ko 4. In ana so a ɓoye shi, sai wani ya maimaita kalamansa da tasa muryar, a sauya garin, a sauya irin hatsarin.

Ka yi lissafi kafin ka ɗauki alkawari. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu zanen hannu kuma sukan yi 12, kowanne ya fito sau biyu. Minti 5 daƙiƙa 300 ne, wato zane 3,600. Landreth da yake da hukumar fina-finan Kanada a bayansa da ɗaliban kwalejin Seneca suna taya shi, shekaru ya ɗauka a kan minti 14. Don haka ka fara jera zane marasa motsi a kan sautin, ka kalla daga farko zuwa ƙarshe, ka gyara labarin a wannan mataki tun gyara na da arha. Manhajojin zane irin su Krita da OpenToonz da Blender duk kyauta ne, FlipaClip kuma yana aiki a waya. Kada ka kwaikwayi salon Ryan na mutum-mutumin kwamfuta, yana cin lokaci da na'ura, kuma in bai yi kyau ba sai ya koma abin dariyar da abokanka suke tsoro. Baƙin layi a kan farin allo, da kala ɗaya, ya ishe ka.

Wannan lissafin yana da wata fuska. Wurin da mai kallo zai gani cikin daƙiƙa 10, kai za ka yi kwanaki kana zana shi, kana maimaita muryar yayanka a kunne sau ba adadi. Masu irin wannan aiki da yawa yana taɓa barcinsu. Ka samu wanda kake tattaunawa da shi, kada ka yi aikin kai kaɗai cikin dare. Kuma kada ka ɗora wa fim ɗin nauyin warkar da shi. Wannan aikin likita ne, musamman tiramol, wanda yawansa ke jawo farfaɗiya, barinsa farat ɗaya kuma yake jigata mutum. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a nan Kano, akwai na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma a gaya wa likitan maganar hatsarin, don in aka yi maganin shan aka bar abin da ke kora shi gare shi, komawa ba ta da wuya.

In ya ce bai yarda ba, to bai yarda ba, amma fim bai mutu ba. Ka yi shi a kan ƙanen: wanda ke jin ƙarar ƙofa ƙarfe biyun dare ya gane daga takun ko yau an sha, wanda ke ƙirga kuɗin cefane kafin ya kwanta. Yayan ba sai ya fito ba, inuwarsa a zaure da takalmansa a bakin ƙofa sun wadatar. Wannan labarin naka ne, muryarka za ka naɗa, kuma za ka iya fara rubuta shi a daren nan.